Hausar Kasuwar Kayan Ɗaki: Zaɓe da Sayen Kayan Haɗa-da-Kanka a Orozo

Gabatarwa

Wannan darasi na 'yan'uwana ɗalibai ne masu nazarin harshen Hausa, musamman ire-irena waɗanda ba da Hausa aka yaye mu ba, a unguwa da makaranta muka tsince ta. Da yawa daga cikinmu za su iya tsayawa gaban allo su zana bishiyar li'irabi, su rarrabe aikatau aji-aji ba gargada, amma ranar da aka tura su kasuwa sayen gado sai harshe ya sarƙe, a koma Turancin buroka. Dalili kuwa shi ne misalan da muke karantawa sun fi karkata ga Audu ya kama akuya, ba su cika leƙa shagon kafinta ba. Saboda haka na ɗauki abu guda wanda kusan kowane ɗayanmu zai yi karo da shi da zarar ya gama bautar ƙasa ya kama ɗakin haya, wato irin kayan ɗakin nan da ake sayarwa gunduwa-gunduwa a cikin kwali, mai saye ya kai gida ya harhaɗa. Za mu duba sunayensu da irin allon da ake yin su da shi da yadda ake cinikinsu, muna tafe muna tsintar nahawu a hanya. Na zaɓi Orozo ne domin nan na fi sani.

Orozo da Mazaunanta

Orozo tana cikin ƙaramar hukumar birnin Abuja da kewaye, wadda aka fi sani da AMAC, a kan hanyar da ta tashi daga Nyanya ta nufi Karshi, bayan an wuce Karu da Jikwoyi da Kurudu. Yanki ne da Gbagyi suka daɗe a cikinsa tun kafin a yi zancen sabon babban birni a 1976. Tun daga lokacin da gwamnatin tarayya ta taso daga Legas a watan Disamba na 1991, tsadar haya a Garki da Wuse da Maitama ta riƙa turo ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa zuwa garuruwan gefe irin wannan. Yau a layi guda za ka iske Bagwari da Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Tibi, kuma Hausa da buroka su ne suke raba gardama a tsakaninsu.

Abin da ya shafi darasinmu a nan shi ne mutane da yawa haya suke zaune, ana biya shekara-shekara, kuma ɗan haya kullum ƙafarsa ɗaya a waje take. In maigida ya ƙara kuɗi, ko aka sauya wa mutum wurin aiki, sai tashi. Wanda ya taɓa ganin ƙarti huɗu suna kokawa da sif mai ƙofa huɗu a bakin ƙofar ɗaki, a ƙarshe a kira kafinta ya zo da guduma ya ɓaɓɓalle shi, ya san abin da ya sa kayan kwali suke da farin jini. Sukan shiga bayan a-kori-kura guda, wani lokaci ma bayan ƙaramar mota. Mutumin Orozo yakan nemo su a kasuwar kayan ɗaki ta Kugbo da ke gefen babbar hanyar Abuja zuwa Keffi, ko a manyan kantunan cikin gari, ko ya yi oda ta intanet a kawo masa. Masu son kafinta ya yi musu kuwa, ga shagunansu nan birjik a bakin titi, allo da katako kuma har daga kasuwar Dei-Dei ake sayo su.

Me Za Mu Kira Su?

A bakin masu saye da sayarwa za ka ji "na kwali" ko "na kamfani" ko "ɗan waje", wasu kuma su kira su da ƙasar da ake jin sun fito: ɗan Chana, ɗan Dubai, ɗan Turkiyya. Kishiyarsu shi ne "haɗin gida" ko "aikin kafinta". Babu ɗaya daga cikin waɗannan sunaye da ya faɗi ainihin siffar kayan, domin talabijin ma a kwali yake zuwa. Ni a nan na kira su haɗa-da-kanka, kuma shawara ce kawai na kawo, wanda yake da wadda ta fi ta sai ya fito da ita. Hujjata ita ce Hausa ta saba gina harɗaɗɗen suna daga jumlar umarni. Muna da dafa-duka da hana-salla da faɗi-ka-mutu, wato kwanon tangaran, muna kuma da a-ci-balbal da a-kori-kura. Duk waɗannan jumloli ne da suka daskare suka zama suna, kuma a rubuce ana haɗa gaɓoɓinsu da karan ɗori. Idan aka cire karan ɗorin, to an koma ba da umarni ke nan.

Dabarar kanta ta girmi kakanninmu. A 1859 wani kafinta Bajamushe mai suna Michael Thonet, wanda ya kafa sana'arsa a Biyana ta ƙasar Ostiriya, ya fito da wata kujera da aka sani da Lamba 14. Gunduwar katako 6 ce kacal da 'yan ƙusoshi, kuma idan aka kwance ta, guda 36 suna shiga akwati mai faɗin mita guda ta kowace fuska. Kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin, wanda Ingvar Kamprad ya kafa a 1943, shi ya yaɗa abin a duniya. Labarin da kamfanin yake bayarwa shi ne a 1956 wani ma'aikacinsa, Gillis Lundgren, ya cire ƙafafun wani tebur domin ya shiga mota, daga nan aka ga ashe babu dalilin biyan kuɗin dakon iskar da ke cikin kabad. Yawancin waɗanda suke iso mana nan daga garuruwan masana'antu ne irin Foshan ta ƙasar Sin da Inegol ta Turkiyya. A watan Yuni na 2015 Babban Bankin Nijeriya ya sa kayan ɗaki da allunan katako cikin kayayyaki 41 da ya daina ba masu shigo da su kuɗin musaya, sai a watan Oktoba na 2023 ya janye wannan takunkumi. Akwai kuma masu yanka allo da inji a nan gida su zuba a kwali, saboda haka ganin kwali bai tabbatar da cewa kaya sun tsallako teku ba.

Ɗakin Bahaushiya ma ya san wannan dabara. Gadon ƙarfe mai rumfa na iyayenmu mata a kwance ake kawo shi ranar jere, 'yan jere su kira mai sufana ya ɗaure. Sunan "gadon bono" kuwa daga kamfanin Vono ya samo asali. Da yake babu sautin /v/ a Hausa, sai /b/ ya maye gurbinsa.

Kalmomin Aro a Cikin Ɗaki

Wannan misali na bono ya kawo mu ga inda ɗalibin tsarin sauti zai fi jin daɗi. Gado da tabarma da faifai da adudu na gida ne. Katifa daga Larabci ta zo, akwati kuma daga Yarabanci. Sauran kayan zamani kusan duk Ingilishi ya ba mu aronsu, amma babu wadda ta shigo ba tare da an yi mata kwaskwarima ba.

Gaɓar Hausa ba ta yarda baƙaƙe biyu su yi cunkoso a farkonta ba, don haka sai a cusa wasali a tsakaninsu. Ta haka muka sami durowa da sukuru da sukudireba da sufana da falanki da filaya. Mai karatu zai lura cewa a sufana da falanki da filaya da fenti da kafinta, sautin /p/ na Ingilishi ya koma /f/. Wata ƙa'idar kuma ita ce /l/ na ƙarshen kalma yakan koma /r/, shi ya sa muke cewa tebur, kamar yadda muke cewa fensir da shebur da kyandir. Benci kuwa wasali aka ƙara masa a ƙarshe.

Wajen jinsi, kalmar da ta ƙare da wasalin /a/ takan zama mace: durowa ce, sufana ce, kujera ce. Kafinta ya kuɓuta domin mutum ne, jinsin mai sana'ar ake bi. Waɗanda suka ƙare da baƙi, kamar kabad da sif da kushin, maza ne, kuma da yake ba su da wasalin da za a liƙa wa -n, sai a kawo "ɗin": kabad ɗin, sif ɗina, kushin ɗinsu. Tebur ya daɗe a gari har ya zama ɗan gida, shi ya sa ake cewa teburin da teburina. A nan ne Hausarmu ta Abuja take yawan zamewa, inda za ka ji "kujera na ya karye" a maimakon "kujerata ta karye". Mai shago zai gane, ciniki ba zai ɓaci ba, amma a takardar jarrabawa jan biro ne. Jam'i ma abin haddacewa ne, domin kowace kalma da tafarkinta: gado gadaje, kujera kujeru, akwati akwatuna, ƙusa ƙusoshi, kwali kwalaye, allo alluna, kafinta kafintoci.

Sai kuma baƙaƙe masu ƙugiya. A shagon kafinta kaɗai za a iya koyar da su gaba ɗaya. Ƙusa ita ake bugawa, kusa kuwa kishiyar nesa ce. Tebur yana da ƙafa, ana kafa shi a tsakar ɗaki, sukuru kuma yana shiga ta wata kafa. Ana ɗaura madubi a jikin sif, Daura kuma gari ne a jihar Katsina. Gadon kwanciya wasalinsa na farko gajere ne, na magada kuwa dogo ne, duk da cewa rubutunmu na yau da kullum bai nuna bambancin ba.

Gari, Tsaki da Filawud

Yanzu mu ajiye alli mu ɗauki allo. Abu na farko da mai saye zai sani shi ne yawancin kayan haɗa-da-kanka ba a yin su da katakon da aka tsaga daga icce irin maɗaci ko ƙawo ko melaina. Da allon inji ake yin su, wanda yakan zo da tsawon ƙafa 8 da faɗin ƙafa 4, wato santimita 244 da 122. Domin sauƙin fahimta zan kwatanta su da abin da ke fitowa daga injin niƙa.

Akwai allon tsaki, wanda ake yi da ɓarɓashin katako manya da ƙanana, a cakuɗa da gam, a danne da zafi. Shi ne mafi araha da rashin nauyi, shi ne kuma mafi raki. Akwai allon gari, wanda ake kira MDF, inda ake niƙe katakon ya koma zare-zare mai laushi kafin a danne. Ya fi tsaki nauyi da santsi, yana karɓar fenti da kyau, amma shi ma ba ya ga maciji da ruwa. HDF ɗan'uwansa ne da aka fi dannewa. Sai filawud, wanda ake yi da siraran fallayen katako ana ɗora su hawa-hawa, kowane falle jijiyarsa ta gitta ta na ƙasa da shi, adadinsu kuma yakan zama mara, kamar 3 ko 5 ko 7. Wannan gittawar ce take hana shi tsagewa, take kuma sa ya riƙe sukuru fiye da sauran.

Duk waɗannan alluna ana lulluɓe fuskarsu da leda mai zanen katako, ta yadda a ido ba za ka bambance su ba. Sunan da mai shago ya faɗa ma ba hujja ba ne, domin a kasuwa kowane allo mai sheƙi yana iya amsa sunan HDF. Hanya guda ita ce a duba bakin allon a inda ba a liƙe ba: bayan kabad, ko ƙarƙashin durowa, ko cikin ramin da aka huda domin hinji. Idan ka ga ɓarɓashi, tsaki ne. Idan ka ga wuri ɗaya sumul kamar ƙuli-ƙuli, gari ne. Idan ka ga layi-layi, filawud ne. Gani ya kori ji. A duba kauri kuma: jikin sif ko kantar littattafai ya kamata ya kai milimita 16 zuwa 18, kuma kanta mai tsawo sosai wadda ba ta da tokara a tsakiya za ta yi ciki da zarar an jera mata ƙamusoshi. Ɗalibin da ya taɓa ɗaga ƙamusun Bargery na 1934 ya san nauyin da nake nufi.

Me ya sa ruwa ya zama abin tsoro? A Abuja damina takan kama daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, kuma gidajen haya da yawa bangonsu yana tsotson danshi daga ƙasa. Ga kuma al'adarmu ta goge daɓe da ruwa kowace safiya. Allon tsaki ko na gari idan ya sha ruwa ta baki sai ya kumbura kamar burodi, kuma ko ya bushe ba ya komawa yadda yake. Don haka a zaɓi mai 'yan ƙafafun roba ko na ƙarfe da za su ɗaga shi daga daɓe, a tabbata an liƙe bakunan allon na ƙasa, a kuma bar 'yar tazara tsakaninsa da bango. Wanda ya sayi allon tsaki domin ɗakin girki, inda famfo yake ɗiga, ya sayi rariya, ya kuma san za ta zubar da ruwa.

Akwai kuma wari. Gam ɗin da ake haɗa yawancin allunan nan yana fitar da wani sinadari mai suna fomaldihaid, mai sa ido yaji da maƙogwaro ƙaiƙayi, wanda hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke Liyon ta ƙasar Faransa ta sa shi cikin jerin masu jawo cutar tun 2004. Allon da aka buga wa alamar E1 yana nufin abin da yake fitarwa kaɗan ne bisa ma'aunin Turai. Idan aka buɗe kwali wari ya bugi hanci, a bar allunan su sha iska kwanaki kafin a shigar da su ɗakin da jariri yake kwana.

Kafin mu bar wannan sashe, ga wani tarko na karin sauti. Idan ka ce wa mai shago kana son katako mai ƙwari, me ka nema? Ƙwari da karin sama-sama shi ne ƙarfi da aminci. Ƙwari da karin ƙasa-sama kuwa jam'in ƙwaro ne, dangin gara da sauran masu cin katako su bar gari a ƙasa. Rubutu ɗaya ne, amma na farko shi kake biya domin ka samu, na biyu kuma shi kake biya domin ka guje masa.

Awo

Wannan gajere ne amma shi ya fi jawo dawowa kasuwa. A auna ɗaki da ƙofa da tsawon bango kafin a fita daga gida, a rubuta a takarda. Mu a nan da ƙafa muke kiran gado da katifa: shida da shida, shida da huɗu da rabi, shida da uku. Kayan waje kuwa da santimita suke zuwa, kamar 160 da 200, ko 180 da 200. Ƙafa 6 kusan santimita 183 ce, wato katifar shida da shida za ta fi gado mai 180 faɗi, ta kuma gaza shi tsawo. Wanda ya riga ya mallaki katifa sai ya tafi da awonta, wanda bai saya ba kuma ya fara sayen gadon.

A Bakin Shago

Ga misalin ciniki tsakanin wata uwa da take haɗa wa 'yarta kayan ɗaki da wani matashi mai shago. Kuɗin da ke ciki na misali ne kawai.

Hajiya: Salamu alaikum. Malam, ya kasuwa?

Mai shago: Wa alaikumus salam. Kasuwa mun gode Allah, Hajiya. Sannunku da zuwa, ga kujera.

Hajiya: Wannan sif ɗin mai ƙofa uku, haɗin gida ne ko na kwali?

Mai shago: Na kwali ne, Hajiya. Akwai irinsa a sito, ko buɗewa ba a yi ba.

Hajiya: To, juya mini bayansa in ga bakin allon. Yana ciruwa in an tashi sauya gida?

Mai shago: Yana ciruwa mana. Babu gam a jikinsa, sukuru ne kawai.

Hajiya: Nawa za a bar mini?

Mai shago: Dubu 320 ne, amma ku taya.

Hajiya: Na saya 240.

Mai shago: Albarka, Hajiya. Ko uwar kuɗi bai kai ba. Ku ƙara wani abu.

Hajiya: Haba ɗana, kayan aure ne, ba shi kaɗai zan saya ba. Gaskiyarsa nawa?

Mai shago: Saboda ku ne, ku kawo 290.

Hajiya: 280, amma har da kuɗin dako zuwa Orozo da kuɗin haɗi.

Mai shago: Dako dai naku ne, haɗi kuma zan turo yaro. Na sallama.

Hajiya: Madalla. A buɗe kwalin a ƙirga a gabana, a kuma rubuta mini rasit.

Abubuwa da dama ne za a tsinta a nan. Mai shago yana ce wa Hajiya "ku" da "sannunku" alhali ita kaɗai ce, wannan jam'in girmamawa ne. Ita kuma da ta so a sassauta mata sai ta sauka daga "Malam" zuwa "ɗana", ta mayar da ciniki zumunci. Kalmar "albarka" ita ce ta fi ruɗa baƙon Hausa, domin a kunne kamar yarda ce, alhali ƙi ne cikin ladabi, wato tayin bai kai ba. Kalmar yarda ita ce "na sallama", kuma bayan an faɗe ta, janyewa abin kunya ne ga kowane ɓangare. Shi ya sa Hajiya ta shigar da dako da haɗi kafin a sallama. Idan da dillali a tsakani, shi ma a san wa zai biya la'adarsa. Idan kuma kayan ba su iso ba sai an yi oda, abin da ake bayarwa na farko shi ne kafin alƙalami, kuma a rubuta shi tare da ranar kawowa.

Buɗe kwali a shago ba rashin yarda ba ne. Kwali ɗaya yana iya ɗauke da alluna fiye da 20 da ƙullin ƙananan ƙarafa, kuma idan guda ya ɓace ko kusurwar allo ta fashe, gane hakan a Kugbo ya fi gane shi a Orozo bayan an sha cunkoson Nyanya an biya mai mota. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018 ta ba mai saye damar mayar da kaya masu aibi, amma wanda ba shi da rasit da me zai kafa hujja? Masu oda ta intanet kuwa, hoto ba ya nuna kaurin allo, don haka a tambayi awo da irin allon a rubuce kafin a tura kuɗi.

Ta fuskar nahawu, a dubi yadda aikatau "saya" yake sauya riga. A tsarin aji bakwai da F. W. Parsons ya fitar a 1960, saya ɗan aji na 2 ne, wanda wasalinsa na ƙarshe yake bin abin da ya biyo baya. Idan babu karɓau a gabansa, sai a ce "shi zan saya". Idan karɓau suna ne, "na sayi sif". Idan wakilin suna ne, "na saye shi". Daga wannan saiwa ce kuma muke samun sayo a aji na 6, wato a saya a kawo nan, da sayar a aji na 5, wanda ya juya ma'anar gaba ɗaya, da saye a aji na 4, kamar a "ta saye kayan shagon duka", da sayu a aji na 7. Tsakanin "na sayi gado" da "na sayar da gado" akwai bambancin mai kwana a katifa da mai kwana a tabarma. A baka, musamman a Kano, za ka ji siya da siyo da siyar, amma daidaitacciyar Hausa da /a/ take rubuta su.

Tambayar Hajiya ta "yana ciruwa?" ita ma abar lura ce. Aikatau ɗan aji na 7 idan ya zo a lokaci mai ci yakan ɗauki ma'anar yiwuwa: yana ciruwa, yana gyaruwa, ba ya ɗaukuwa, ba ya haɗuwa. Da kalma guda ta tambayi abin da wani harshen sai ya yi doguwar jumla. Amsar mai shago gaskiya ce, sai dai ragaggiya. Sif na allon tsaki yana ciruwa, amma duk lokacin da aka kwance sukuru aka mayar, ramin yana ƙara faɗi, har ya kai ba ya riƙewa. Wanda ya san zai yi ta tashi, gara ya nemi wanda aka haɗa da noti mai shiga cikin gidansa na ƙarfe, ko ya ƙara kuɗi ya ɗauki filawud, ko kuma ya kai wa kafintan unguwa zane ya ce a yi masa mai kwancewa. A ganina wannan na ƙarshe ya fi dacewa da ɗan hayar Orozo, domin in wani abu ya lalace ga mai gyara nan kusa.

Ranar Haɗi

Ba a cewa an haɗa sif mai alluna 20 sai dai a ce an harhaɗa shi. Wannan ninki ne mai nuna yawan aiki ko maimaituwarsa, kamar dudduba da ciccire da ɗaɗɗaure. A harhaɗa, asalin ginin haɗ-haɗa ne, sai /ɗ/ na ƙarshen gaɓa ya koma /r/, kamar yadda kaɗa ya ba mu karkaɗa.

Takardar bayanin da ke cikin kwali yawanci zane ne da lambobi. Da za a rubuta ta da Hausa, da sigar "a" da "kada a" za a yi amfani, wadda ba ta nuna jinsi ko yawan wanda ake umarta. Misali: a shimfiɗa kwalin a ƙasa a yi aiki a kansa domin kada daɓe ya karce allo. A ware ƙarafa iri-iri a cikin faranti. Kada a ɗaure sukuru tamau sai an gama tsayar da jikin duka. Za a ga wasu 'yan turakun katako masu kama da guntun fensir, waɗanda suke daidaita allo da allo, da wani ƙarfe mai zagaye kamar kwabo wanda ake murɗawa rabin juyi ya cafke kan sukuru, da ɗan makulli mai siffar harafin L wanda masu aiki suke kira alanki. Guduma ba ta da aiki a nan sai wajen buga siririn allon baya. Shi wannan allo, duk da bai wuce milimita 3 ba a yawancin kaya, shi yake hana sif karkacewa, don haka kafin a buga shi a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu, in awon ya zo ɗaya to jikin ya miƙe. Aikin mutum biyu ne, kuma sif mai tsawo a cikin ɗakin da zai zauna ake harhaɗa shi.

Abu na ƙarshe ya shafi rai. Kayan allo masu tsawo bayansu ba shi da nauyi, ƙofofi da durowoyi kuma gaba suke rinjaya. Yaro mai tatata idan ya jawo durowa ya taka ta kamar matakala, kabad ɗin yana iya kifowa a kansa. A watan Yuni na 2016 IKEA ta janye kabad masu durowa miliyan 29 daga kasuwar Amurka bayan mutuwar yara ta wannan hanya. Maganinsa ɗan ƙarfe ne mai lanƙwasa ko igiya mai ƙarfi da ake ɗaure saman kabad da bango, kuma yakan zo cikin kwalin, sai dai masu haɗi sukan jefar da shi a matsayin ragowa. Bangonmu na bulo ne, don haka sai an huda an cusa robar nan da ake kira fisha kafin sukuru ya kama. Ɗan haya ya nemi izinin maigida, ya kuma zuba kaya masu nauyi a durowar ƙasa.

Jinga

Kowane ɗalibi ya sami kafinta ko mai sayar da kayan ɗaki a unguwarsu, ya zauna da shi ko da awa guda ne, ya tattaro kalmomi 20 na kayan aiki da sassan gado da sif kamar yadda mai sana'ar ya faɗe su. A sa musu jinsi da jam'i da karin sauti, a nuna wadda ta gida ce da wadda aro ce, sannan a duba ko suna cikin Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Waɗanda ba a samu a ciki ba, a miƙa wa editan wannan mujalla tare da sunan garin da aka ji su.